YAWON DUTSE DA KWANAN DAJI A ƘASAR ADAR

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, iskar ɗari kuma ta fara kaɗawa, to lokacin tafiya ya yi ga mai halin tafiya. A wannan lokaci ne ma'aikata ke neman hutu, ƴan lakwal da ƴan kwaleji su ma suke samun ƴan kwanakinsu na ƙarshen shekara. Mafi yawanmu birni muke nufa, ko kuwa mu zauna gida muna shan shayi har hutun ya ƙare. A shafinmu na yau muna so mu jawo hankalinku ga wata tafiya dabam, wadda ba ta bukatar kuɗi masu yawa, wato yawon ƙafa bisa duwatsu da kwana a daji.

A ƙasashen Turawa wannan al'ada ta daɗe. A Amurka, tun 1905 suka kafa hukuma ta musamman mai kula da dazuzzukan ƙasa, akasarinsu kuwa bisa tsaunuka suke. Magidanci yakan ɗauki iyalinsa da guzurinsu, su yi yini suna hawa, dare ya yi su kafa tanti su kwana. Mu a Nijar, in an yi zancen tsauni, hankali yakan tafi Abzin, inda dutsen Bagazam ya kai mita 2,022 bisa teku, inda kuma aka keɓe gandun Ayar da Tenere a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. In kuwa an yi zancen gandun daji, sai a tuna da gandun W na bakin Kwara, wanda aka kafa a 1954. To, waɗannan wurare suna da nisa ga talaka, zuwansu yana da tsada, matsalar tsaro ta shekarun nan kuma ta ƙara nisanta su.

Amma a ƙasar Hausa, cikin jihar Tawa, akwai duwatsu da kwaruruka da itatuwa waɗanda suka isa a yi tattaki dominsu. Muna nufin Adar Dutsi da kwarin Majiya, ƙasar da ta haɗa gundumomin Madawa, Buza da Keita. Tabotaki, ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Buza, tana arewa da garin Buza, wajen da gonakin hatsi ke fara haɗuwa da makiyaya. Wanda ya sauka a wannan yanki, duwatsun Keita da kwarin Majiya duka suna kusa da shi.

ƘASAR DA TEKU YA BARI

Adar ba tsauni mai tsini ba ne irin na Abzin. Tudu ne mai faɗi, samansa shimfiɗe kamar faifai, an lulluɓe shi da baƙin marmara, a wasu wurare tsayinsa ya kai mita 700 bisa teku. Ruwan sama na dubban shekaru ya tsattsaga wannan tudu, ya haƙa manyan kwaruruka: kwarin Keita, kwarin Badagishiri, kwarin Majiya, da Tarka wajen Madawa. Majiya kan ɗauki ruwanta ta yi kudu da yamma, ta cika madatsun Mozage da Zango waɗanda ke shayar da gonakin Ƙonni, sannan ta tsallaka iyaka ta ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya.

Manomin Adar ya san ƙasarsa kashi-kashi. Akwai fako, wato ƙasa mai tauri ta saman dutse, wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. Akwai jigawa mai rairayi inda ake shuka hatsi da wake. Akwai fadama a gindin kwari, ƙasar dawa da albasa da tumatir. Mai yawon ƙafa yana iya ratsa duka ukun kafin rana ta take, ya ga da idonsa abin da malamin labarin ƙasa ke zana masa a allo.

Wani abin mamaki yana jiran mai hawa a tsakiyar gangare. Ƙarƙashin baƙin marmaran nan akwai farin dutse da laka mai launin toka, a cikinsu kuwa ana tsintar ƙwaryar katantanwa da bawon halittun ruwa da haƙoran kifi, duk sun zama dutse. Masana ƙasa sun tabbatar cewa shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, ya janye ya bar shaidarsa. Irin wannan farin dutse ne ake ƙonawa a Malbaza tun shekarun 1960 ana yin siminti. Yaron da ya tsinci ƙwaryar teku a ƙasar da ake jan ruwa da guga mai doguwar igiya, ba zai manta da darasin ba har ya tsufa.

Mutanen wannan ƙasa su ma iri-iri ne. Adarawa manoma ne tun kaka da kakanni. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar, zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Sarautar Keita ta Lisawan ce, Kel Geres kuma suna zaune wajen Madawa, ga Fulani da garkunansu suna hawa da sauka bisa ga lokaci. Duk wanda zai taka waɗannan duwatsu ya san cewa ƙasa ce mai masu ita.

DAJIN DA HANNU YA SHUKA

Wanda ya zo Adar yana neman kurmi mai duhu, to ya yi ɓatan kai. Ruwan da ke sauka nan a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 450 ba. Itatuwan ƙasar su ne gawo, bagaruwa, aduwa, magarya, kalgo, sabara, geza da anza, wadda ƴaƴanta suka ceci rayuka da yawa a shekarun yunwa. Amma yawancin inuwar da matafiyi zai shiga a yau, hannun mutum ne ya shuka ta, kuma labarinta ya cancanci a sani.

Bayan farin 1973 da 1974, iskar gabas ta addabi kwarin Majiya. Takan kwashe ƙasar gona, ta binne shuka tun tana ƙarama, har manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku a damana guda. Ma'aikacin gandun daji na Buza a wancan lokaci, Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa kai Ba'amurke, suka nemi taimakon ƙungiyar CARE. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, wajen Garadume. Kowane shinge layi biyu ne na itatuwa, an gitta shi a gaban iska, tsakanin shinge da shinge mita 100. Shekara bisa shekara aka yi ta ƙarawa, har tsawon layukan ya kai ɗaruruwan kilomita. Awon farko da aka yi ya nuna hatsin gonakin da ke bayan shinge ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Da itatuwan suka girma, a tsakiyar shekarun 1980, aka fara sassabe kawunansu ana samun azara da itacen girki.

Aikin bai zo da daɗi ga kowa ba. A shekarun farko an sa masu gadi, an hana dabbobi shiga kwarin har itatuwa su fi ƙarfin akuya, makiyaya da mata masu ƴan awaki suka sha wuya. Manomin da layi ya bi ta gonarsa ya rasa ƙasar da ke ƙarƙashin inuwa, rabon itacen kuma ya jawo gardama kafin a daidaita shi. Mai ziyara ya san wannan, domin itacen da zai jingina da shi an biya shi da haƙurin mutane.

A 1984 fari ya sake dawowa, ya fi na baya muni a wurare da yawa. A watan Mayu na wannan shekara aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Shugaba Seyni Kunce. A shekarar ce kuma aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, hukumar abinci ta duniya tana biyan ma'aikata da abinci. Da yake maza da yawa sun tafi cin rani Najeriya da Kodebuwa, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Su suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin gangare da diga da shebur, suka ɗauko duwatsu a ka, suka jera su bisa fako, suka cika ragar waya da duwatsu aka datse bakin ƙoramu. A cikin kowane rami aka dasa ƙaya: bagaruwa, ɗakwara mai ba da ƙaro, farar ƙaya da sauransu. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa ƙasar Buza da Abalak. Cikin shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000.

Wannan shi ne gandun dajin Adar. Ba shi da ƙofa, ba shi da mai karɓar kuɗin shiga, amma duk wanda ya hau dutse ya ga ramuka jere-jere kamar zanen ƙwarya, kowane da itacensa, ya san gumin iyayenmu mata yake kallo.

HANYA DA LOKACI

Mai tasowa daga Yamai zai bi babbar hanyar gabas, ya wuce Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, ya sauka Madawa bayan wajen kilomita 500. Daga Maraɗi kuwa tafiyar ba ta wuce kilomita 150 da ƴan kai ba. A Madawa hanya ta rabu ta yi arewa zuwa Buza, wajen kilomita 50, daga can ta miƙa Keita har Tawa. Zuwa ƙauyuka sai motar kasuwa, ko babur, ko amalanke. Ranar kasuwa ta fi sauƙin samun mota, sai a yi tambaya a tasha.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, ba wanda zai ce an tattake masa shuka, sauro ya ragu, rana kuma tana da sauƙi. Sai dai dare bisa dutse yana da sanyi ƙwarai, iska ba ta da abin da zai tare ta. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, duwatsu su ɗauki wuta, hawa a lokacin ganganci ne. Da damana ƙasa takan yi kyan gani, shamuwa ta zo, ciyawa ta rufe gangare, amma ƙoramu suna da haɗari, hanyoyi kuma suna yankewa.

Kwana uku sun isa ga mai farawa. Ranar farko a isa Buza, a gaida hukuma, da la'asar a zaga layukan dogon yaro na Majiya. Rana ta biyu a ƙarasa wajen Tabotaki, a sauka ƙauye, a nemi ɗan jagora, a kwana kusa da gari. Rana ta uku a hau dutse da asuba, a sauko kafin azahar. Mai sauran kwanaki ya wuce Keita ya ga madatsun ruwa da gonakin rani na Ibohaman.

SALLAMA KAFIN TANTI

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a bar gida, a nemi labarin hanya daga hukuma, domin arewacin jihar Tawa ya ga tashin hankali a shekarun nan, musamman wajen Tiliya a 2021, kuma hali yana sakewa daga wata zuwa wata. Idan an isa, a je ofishin prefe da na jandarma a faɗi ko su wane ne, mutum nawa, ina za a kwana, yaushe za a komo. In hukuma ta ce kada a bi wuri kaza, to a bar shi. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa yana da nasa sharuɗɗa, sai ya tambaya tun daga Yamai. A leƙa kuma ofishin ma'aikatan gandun daji, su ne suka san inda aka dasa sababbin itatuwa da inda aka hana shiga.

A ƙauye kuwa, ƙofar mai gari ce ƙofar farko. A cire takalmi, a durƙusa, a ce ranka ya daɗe, a tambayi lafiyar gari da ta dabbobi kafin a faɗi abin da ya kawo mutum. Dattijo baba ne, tsohuwa inna ce, ko da kuwa mai gaisuwar babban ma'aikaci ne a Yamai. Goro ko ɗan sukari da ganyen shayi sun isa gaisuwa. Mai gari ne zai nuna wurin sauka, shi ne kuma zai haɗa baƙi da saurayin da ya san duwatsu. A yi ciniki da ɗan jagora tun kafin a tashi, a biya shi hakkinsa cikakke, a ci abinci tare da shi.

Kada a ɗauki hoton mutum, balle mace a bakin rijiya, sai da yardarsa. Akwai duwatsu da itatuwa da kogunan dutse waɗanda mutanen wuri ke girmamawa tun zamanin Azna, akwai kuma tsofaffin maƙabartu da baƙo ba zai gane ba. Inda ɗan jagora ya ce a kauce, a kauce ba gardama.

GUZURI

Ruwa ne kan gaba. Kowane mutum ya tanadi lita 5 a yini, ban da na girki da alwala. Bisa fako babu rijiya, ruwan tafki kuma sai an tafasa. Idan tafiyar ta fi yini guda, a yi hayar jaki ya ɗauki bido ko salka. A rijiyar gari a bi layi, kada a sha gaban mata da makiyaya waɗanda suka yi sammako.

Abinci ya zama marar nauyi, wanda ba ya lalacewa: garin rogo da ƙuli-ƙuli, dabino, cuku, shinkafa da ɗan mai, da kilishin Madawa wanda ya yi suna a ƙasa duka. A Madawa kuma za a sami tabarmar kaba mai kyau, ita ce katifar matafiyi. A haɗa da bargo mai kauri, gidan sauro, tocila, ashana, wuƙa, sanda, malafa ko rawani. Takalmi ya zama rufaffe mai ƙarfin ƙasa, domin marmaran Adar yana yanka, ƙaya da ƙarangiya kuma ba su san baƙo ba. Tanti yana da amfani saboda iska, amma wanda ba shi da shi kada ya fasa tafiya: kakanninmu fatake sun yi Agadas da Kano ba su san tanti ba.

A riƙe ɗan akwatin magani: bandeji, maganin ciwo, maganin zazzaɓi, gishiri da sukari na zawo. Wayar hannu takan rasa layi cikin kwari, saboda haka a bar wa wani a gari labarin inda aka nufa da lokacin komowa.

BISA DUTSE

Ana tashi bayan sallar asuba. Sannu ba ta hana zuwa: a daidaita tafiya da mafi rauni cikin ayari, ɗan jagora a gaba, babba guda a baya. A ƙasa mai laushi mutum yakan yi kilomita 4 a awa, a gangare mai tsakuwa ko rabin haka ba zai yi ba. A bi turbar da awaki da masu itace suka riga suka fitar. Kada a taka jerin duwatsun da aka gina domin tare ruwa, kada a ture su don wasa: dutse guda in ya kauce, ruwan damana ta nan zai ɓalle ya rushe sauran.

Wanda ya kai sama ya juya, zai ga kwari shimfiɗe a ƙarƙashinsa: rumbunan ƙasa masu kama da tulu, korayen gonakin albasa a fadama, garken shanu na tafe da ƙura, gawo kuma ya yi ganye shar a lokacin da sauran itatuwa ke kaɗe nasu. Mai haƙuri da ido zai ga zabin daji da fakara da kurciya, zomo ya tashi daga gindin sabara, shaho yana shawagi. Da dare ana jin kukan dila. Manyan namun daji sun ƙaura tuntuni. Mai son ganin barewa da raƙumin dawa sai ya nufi gandun Gadabeji a ƙasar Dakoro, wanda aka keɓe a 1955, aka kuma mayar masa da raƙuman dawa daga Kure a 2018. Farauta ba da takarda ba laifi ce bisa dokar 1998, saboda haka a bar bindiga da ɗanko a gida.

Abin da aka tsinta na halittun teku, a duba, a nuna wa yara, a mayar inda yake. Kayan tarihin ƙasa ne, ba na sayarwa ba.

Kububuwa da kunama suna fakewa ƙarƙashin duwatsu. Kada a cusa hannu cikin rami, kada a ɗaga dutse da hannu sai an fara taɓa shi da sanda, da safe kuma a kakkaɓe takalmi kafin a sa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa gidan likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Akwai asibiti a Buza, da Keita, da Madawa, da Galmi.

WURIN KWANA DA WUTA

Cikin ƙorama akwai rairayi mai laushi da inuwa, shi ya sa take yaudarar baƙo. Kada a kwana a ciki. Ruwa yana iya sauka a wani dutse mai nisa, inda ko gajimarensa ba a gani ba, ya taho cikin dare da itatuwa da duwatsu. Ko da rani ne, gara a saba da ƙa'idar. Kada kuma a sauka a burtali ko a bakin rijiya, hanyar dabbobi ce. Wuri mafi kyau shi ne ɗan tudu mai tsabta, a bayan dutse ko itatuwa da za su tare iskar gabas, inda ana iya jin kiran sallar ƙauye.

Maganar wuta ita ce mafi nauyi. Ciyawar da ta bushe a gangare ita ce abincin dabbobi har faɗuwar ruwa, wato wata bakwai ko takwas. Guntun taba guda ya isa ya cinye ta cikin dare ɗaya, tare da itatuwan da aka yi shekaru ana reno. A share wurin murhu har ƙasa ta fito, a kewaye shi da duwatsu, wutar ta zama ƙarama, wani ya zauna kusa da ita har ta mutu, sannan a binne tokar da ƙasa. In iska ta yi ƙarfi, a haƙura da shayi. Itacen girki a saye shi a gari, ko a zo da gawayi ko ƙaramin gas. Kada a sari ɗanyen reshe ko guda. Dokar gandun daji ta 8 ga Yuni 2004 ta tanadi hukunci ga mai sara ba da izini ba da mai tada gobara, gawo kuma yana cikin itatuwan da aka kare musamman.

Leda da gwangwani da batir, duk abin da aka zo da shi a koma da shi. Akuyar da ta haɗiyi leda ramewa take yi har ta mutu, kuma wataƙila ita ce dukiyar wata tsohuwa gaba ɗaya. Mai zagayawa ya yi nisa da rijiya da ƙorama, ya tona rami ya rufe.

WA ZAI RIƘE AMANAR?

A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai. A ta 2012 sun wuce miliyan 17, kuma har yanzu mafi yawan gidaje da itace suke girki. Kuɗin manyan ayyuka na waje ya ƙare, masu gadi sun tashi, abincin aiki ya tsaya. Ragar waya tana tsatsa, madatsu suna cika da yashi, layin dogon yaro in an sare masa itace biyu ko uku, iska ta sami ƙofa, takan shigo da ƙarfin da ya fi na da. Matan da suka haƙa ramukan nan a 1984 sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu da yawa kuwa sun tashi sun tarar da inuwa, suna zaton haka Allah ya halicci wurin.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. Manoma da kansu sun rungumi tassa da rabin wata, sun koyi barin tsiron itace a gona suna gyara shi maimakon tumɓukewa, dabarar da ta bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980 ta mayar da itatuwa bisa hekta wajen miliyan 5 a kudancin ƙasa. Tun 1975 kuma ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama ranar dashen itace a Nijar. Amma dashe rana guda ne, reno kuwa shekaru ne, kuma mutum ba ya renon abin da bai sani ba.

Nan ne amfanin wannan yawo yake. Ɗan birnin da ya hau gangaren Adar da bidon ruwa a kafaɗa, ya ji nauyinsa, zai fahimci abin da ake nufi da ɗaukar dutse a ka daga safe zuwa azahar. Gobe in ya zama ma'aikaci, takardar gyaran wata madatsa ta zo teburinsa, ba zai tura ta ƙarƙashin sauran takardu ba. Ɗan ƙauyen da ya ga baƙi sun yi tafiyar kilomita ɗaruruwa don su kalli itatuwan da kakarsa ta dasa, shi ma zai dube su da wani ido. Kuɗin jagora da na jaki da na kaza da fura kuma a gari za su zauna.

Saboda haka muna kira ga malaman lakwal da shugabannin ƙungiyoyin matasa, musamman na Tawa, Madawa, Ƙonni da Maraɗi, su shirya irin wannan fita ko sau ɗaya a shekara, da izinin iyaye da na hukuma, ƙungiya ƙarama wadda ba ta wuce mutum goma sha biyar ba. A nemi tsofaffin da suka yi aikin, a zauna gabansu da ladabi, a rubuta abin da suka faɗa tun suna da rai. Gani ya kori ji.

Allah ya kai mafita lafiya, ya komo da su lafiya, ya ba mu damana mai albarka.